Shekarar da Na Ƙone Ɗorawar Yaya Kulu

Ku 'ya'yana, na sha jin ku kuna gaya wa baƙi cewa 'yan bindiga ne suka raba mu da gonarmu ta wajen Karakkai. Ran nan ma na ji babbanku yana faɗa wa abokinsa a zaure, har da girgiza kai, ni kuwa ina daga ciki na yi gum kamar ban ji ba. To, yau dai na gaji da shirun. Gaskiya ne sun hana mu zuwa, Allah ya isar mana, amma gawa suka tarar. Ni na kashe gonar nan, shekaru kafin a fara jin ƙarar bindiga a dajin, kuma ba da jahilci na kashe ta ba. Da ilimina na yi, ina sane, shi ya sa nake so ku ji daga bakina tun ina iya riƙe biro.

Kun san aikina, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa zama ya tambaye ni abin da nake koyarwa. Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli a wata sakandare nan Gusau, malamin kimiyya, kuma a duk darussan babu wanda nake ji da shi kamar darasin zafi. Dokoki biyu ne a cikinsa, waɗanda yaro ko ya ƙi ko ya so sai ya haddace su a ajina. Ta farko ta ce ƙarfin da ke cikin abu ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa: hasken rana ya shiga ganye ya zama itace, itace ya shiga murhu ya zama wuta, wuta ta dafa tuwo, tuwo ya zama ƙarfin damtsen manomi. Ta biyu ita ce mai ɗaci. Ta ce duk sauyin nan hanya ɗaya yake bi, kuma a kowane mataki wani abu yana watsewa inda ba mai iya tattaro shi. Kunun da ka ajiye zai huce, ba zai taɓa sake ɗaukar zafi don kansa ba. Nakan ƙyasta ashana in ƙone guntun takarda a gaban aji, in ce duk wanda ya mayar mini da tokar nan takarda na yafe masa jarrabawa. Yara su yi ta dariya, ni ma ina jin kaina wani gwani. Ku riƙe dokokin nan biyu, za mu dawo kansu.

Gonar da Baba ya bari ba wata babba ba ce, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Akwai itatuwan gawo warwatse a cikinta, sai ɗorawa bakwai da suka taso daga gefen gabas har tsakiya, manya, waɗanda mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsu. Da an cire amfanin gona sai Baffa Juli ya sauka da shanunsa. Bafulatani ne, ubansa ma a nan yake sauka tun zamanin kakanmu. Shanu su ci kara da 'ya'yan gawo, su kwanta a inuwa, su bar mana taki, Baba ya ba shi daman gero, matarsa ta riƙa kawo wa Inna nono. Kafin ruwan farko ya tashi ya yi gaba. Babu abin da ke shiga gonar nan daga waje sai rana da ruwan sama, kuma kowace shekara rumbu yana cika. Da ina da ido, da na ga darasina ne kwance a gabana, an tsara shi fiye da yadda yake a littafi. Amma ni a lokacin ƙauyanci nake gani.

Ɗorawar kuwa ba ta bin ƙasa a gidanmu. Wannan ku yaran birni ba ku san shi ba: gona tana iya zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani daban, kuma kowa a ƙauye ya san mai kowane itace. Tamu ta mata ce tun asali. Kakarmu ta bar wa Goggo, Goggo ta bar wa yayata Kulu, wadda ta girme ni da shekara takwas, wadda ta goya ni har bayanta ya saba da nauyina. Aure ya kai ta Tsafe, amma duk ƙarshen rani, in ɗorawa ta nuna, sai ga ta da buhuna da doguwar gora mai ƙugiya a baki, ta yi mako biyu. Garin ɗorawar ta ba yara, ɓawon a jiƙa shi a yi makuba a shafe katanga, kalwar kuma ta tafi da ita ta yi daddawa. A unguwarsu in an ce daddawar Kulu an gama magana. Da ita take rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa tsayawa gaban miji tana murza hannu don sabulu ba. Ranar da aka zauna rabon gadon Baba, malami ya zo kan kasonta na ƙasa, sai ta ɗaga hannu daga bayan labule.

"Ku bar ma Garba ƙasa duka, shi ad da iyali nan kusa. Ni ɗorawata ta ishe ni."

Haka aka yi a gaban shaidu. Na ɗauki gona har da rabonta, ita ta tsaya a kan itatuwa bakwai. Na yi mata godiya har da ƙwalla, kuma wallahi a ranar da gaske nake.

Shekarar da nake ba ku labari, noman zamani ya shigo mana da ƙarfinsa. Abokan aikina a ɗakin malamai ba su da hira sai ta tarakta da takin zamani da masara mai yabanya, kowa yana lissafa buhunan da zai ɗauka. Ni da nake malamin kimiyya, a ce gonata ce ake nomawa da garmar shanu? Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauko direban tarakta na kai shi ya duba. Ya zagaya, ya shuri saiwar ɗorawa da takalmi, ya ce shi ba zai karya faifan garmarsa a wannan daji ba, in ina son aiki sai a share fili. Gawon nawa ne, ban yi shawara da kowa ba. Ɗorawa ce ta sa na shiga mota ranar wata Asabar na tafi Tsafe, da 'yar takardata a aljihu wadda na zana tsarin gonar a kai.

Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke kalwa, hannunta duk ya yi jawur. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta yi mini tsiyar da ta saba, wai tumbina ya riga ni shigowa. Da na gama kewaye-kewaye na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta tsame hannunta daga ƙwarya ta dube ni.

"Mi kac ce, Garba? A sare mi?"

"Yaya, ba asara za ki yi ba. Duk kaka zan aiko miki da masara, fiye da abin da kalwa ke kawo miki."

"Masara nika ci da miya, ko miya nika yi da masara? Ɗorawag ga ba taka ba ta. Ni ma riƙo aka ba ni, Luba nika aje ma."

Luba 'yarta ce, lokacin ba ta fi shekara goma ba. Da na ga ta kafe, sai na ɗauko makamin da na fi iyawa. Na gyara zama kamar ina gaban allo.

"Yaya, a ilimin da muka karanta, babu abin da ke ɓacewa a duniya. Kama kawai yake sauyawa. Itacen nan zai zama gawayi, gawayi ya zama taki, taki ya zama hatsi, hatsin ya dawo gidanki. Ɗorawarki tana nan, riga kawai ta sauya."

Ita ba ta yi boko ba, kuma tana ganin girman karatuna, ita ce ma ta sayar da akuyarta lokacin da zan tafi kwaleji. Na ga maganar ta ɗaure mata kai, ta rasa ta inda za ta kama ni.

"Ni dai ban san wanga karatu ba. Amma ban yarda ba, Garba. Ka ji da kunnenka, ban yarda ba."

'Ya'yana, a nan laifina yake, ba a wurin gatari ba. Doka ta farko na karanta mata, na haɗiye ta biyu. Ina zaune a kan tabarmarta, da furarta a cikina, na san sarai cewa itacen da ya shekara ɗari yana tara rana, in aka cinna masa wuta ya tafi ke nan. Na faɗa mata rabin darasi don na san ba ta da sauran rabin da za ta mayar mini. A mota ina dawowa na ce wa kaina ai in ta ga buhunan masara a ƙofar ɗakinta za ta huce.

Ban ko jira ɗorawar ta nuna an girbe ba, don kada ta zo ta tarar ana aiki ta hana. Furen yana reto ja wur a rassa na kawo masu yin gawayi da injin yanka. Babbansu ya bubbuga gindin ɗaya ya taɓe baki, ya ce ɗorawa ba ta yin gawayin kirki kamar ƙirya, amma za su haɗa da gawon su rage mini asara. Ko wannan bai sa na ji kunya ba. Baffa Juli yana sauke a gonar lokacin. Ya zo ya tsaya da sandarsa a wuya, yana kallon gawo na farko yana faɗuwa, shanunsa sun firgita da ƙarar inji sun yi gefe.

"Malam Garba, to mu ina za mu kwana?"

"Baffa, zamani ya sauya. Yanzu taki a buhu yake zuwa."

"A buhu," in ji shi. Ya jinjina kai. "To, Allah shi ba da sa'a."

Washegari ya kaɗa shanunsa. Bai karɓi daman geronsa ba, bai yi sallama ba, kuma ban sake sa shi a ido ba har yau. Zumuncin kaka da kakanni na kashe da magana ɗaya, ina tsaye da hannu a aljihu.

Kwana uku aka gama da itatuwan da suka girmi Baba. Aka jera gungumen, aka rufe da ciyawa da ƙasa, aka sa wuta ta ƙasa, tudun ya yi ta fitar da farin hayaƙi. Ban aika wa Yaya ba. Kullum sai in ce gobe, har lokacin zuwanta ya yi ban aika ba. Ina gonar da hantsi ana loda buhunan gawayi na ƙarshe a mota, sai na hango ta tafe a kan hanyar ƙauye, buhuna a ka, gorarta a kafaɗa, Luba tana biye. Babu wanda ya iya gaya mata a ƙauyen, kowa ya bar ta ta wuce. Ta iso bakin gona ta tsaya. Ta duba gabas, ta duba yamma, kamar wadda ta ɓata hanya. Sannan ta ajiye gorar a hankali, ta taka har inda aka yi tudun wutar, ta durƙusa. Na zaci kuka za ta yi, ko ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta kwance bakin zanenta, ta ɗebi tokar da hannu biyu, ta ƙulle. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"Sannu da aiki, Malam."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana Malam ba. Garba take cewa, in ta so tsokana ta ce Garbati. Ta kama hannun 'yarta suka juya, ta bar gorar a nan ƙasa, ko ƙauyen ba ta kwana ba.

A makon da ya biyo baya darasin zafi ya zo a aji. Na ƙyasta ashana kamar kullum, takarda ta ci, na buɗe baki in yi musu tambayar da na saba, sai murya ta ƙi fita. Na tsaya da toka a tafin hannu, yara suna jiran abin dariya. Na ce su buɗe littafi su karanta da kansu, na fita na tsaya a bayan aji. Daga ranar ban sake ƙona takarda a gaban yara ba har na yi ritaya.

Kada in yi muku ƙarya, masarar ta yi kyau shekarar farko da ta biyu, har mutane suna tsayawa kallo. Na aika mata buhuna Tsafe kamar yadda na yi alkawari. Ta karɓa, ta aiko a yi wa Malam godiya, daga baya na ji rabar da su ta yi a unguwa, ko tiya ba ta kai niƙa ba. Daga shekara ta uku ƙasa ta fara nuna halinta. Takin da ya isa bara ba ya isa bana. Babu ganyen da ke zuba, babu shanun da ke kwana, ruwan sama in ya sauko sai ya kwashi ƙasar sama ya yi rafi da ita, rana kuma ta gasa abin da ya rage har ya yi tauri kamar daɓe. Ashe masarar shekara biyun nan ba dabarata ba ce, ajiyar Baba da shanun Baffa Juli nake ci. Gonar da take ciyar da kanta na mayar da ita mai jiran a kawo mata daga kasuwa, man tarakta daga waje, taki daga waje, iri ma daga waje. Shekarar da takin ya yi wuyar samu, abin da na girba bai cika bayan mota ɗaya ba. Na yi ƙoƙarin gyara. Na sayo dashen ɗorawa na kafa a ramukan tsofaffin, na kewaye da ƙaya, na riƙa zuwa duk Asabar da jarkokin ruwa. Sau uku ina dasawa, rani yana cinyewa. Sai ga tashin hankali ya iso, hanya ta rufe, na samu abin fakewa.

Yanzu in na zauna ƙofar gida da la'asar ina ganin motocin gawayi suna shigowa gari ta hanyar Bunguɗu, an yi musu lodi har sun karkace. Kowane buhu na san abin da ke cikinsa. Gari guda muna dafa shayi da gugar kaya da abin da aka yi shekara ɗari ana tarawa, mu ƙone shi a wuni ɗaya, mu share tokar mu zubar a kwata. Kuma ba itace kaɗai ba. Mutanen ƙauyenmu da suka san mai kowane itace sun watse, wasu suna nan Gusau a kangaye, wasu Tsafe, wasu ba a san inda suka faɗa ba. Manomi da makiyayi da suke cin moriyar juna a fili ɗaya yanzu ba sa haɗa hanya. Ban ce sare gawona ne ya jawo wannan bala'i ba, ban kai can ba. Amma na san irina muna da yawa, kowa ya tsinke zare ɗaya yana cewa nasa ba komai ba ne. Masu jawabi a rediyo suna cewa za a maido da komai yadda yake da. Ni na koyar da doka ta biyu shekara talatin, in na ji su sai in kashe rediyon.

Yaya Kulu ba ta yanke zumunci ba, kada ku ɗauke ta haka. Ta halarci sunan kowannenku, ta zo bikin yayyenku, ta kwana uku a gidan nan lokacin da innarku ta yi ciwo. Sai dai Malam. Ina kwana Malam, a gaida gida Malam. Na je na durƙusa mata har sau biyu. Ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na yarda ta yafe, don ba ta ƙarya. Amma ta daina daddawa. Ta gwada da kalwar kasuwa shekara ɗaya ta ce ba ta jin hannunta a ciki. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta koma sai abin da aka ba ta.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, abinci ya ƙi shiga, Luba ta yi mini waya ta ce innarta tana marmarin miyar kuka da daddawar kalwa ta gaske. Na zagaye kasuwar Gusau rumfa rumfa, yawanci ta waken soya ce. Da ƙyar na samu wurin wata tsohuwa da ta rantse mini ta kalwa ce, an kawo ta daga nesa. Na kai Tsafe da kaina, aka yi miyar, Luba ta tallabe ta ta ba ta a baki. Ta ɗanɗana, ta juya shi a harshe, ta kawar da kai.

"An gode. Ba ta gidanmu ba ta."

Kwana tara bayan nan ta rasu. Bayan an share makoki Luba ta zo nan gidan, ta same ni a zaure, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara daga jakarta, an ɗaure murfinsa da tsumma. Ta ce a ƙarƙashin gadon innarta yake tun tana yarinya, kuma ta yi mata wasiyya ta kawo mini hannu da hannu. Na buɗe. Toka ce, ta dunƙule don daɗewa.

"Ta ce a gaya maka, kai ka ce ba abin da ke ɓacewa. To ga ɗorawarta nan, a ajiye mata wurin mai ilimi."

Na riƙe gwangwanin. Gadon Luba ne nake riƙe da shi, ita kuma tana durƙushe a gabana ta sunkuyar da kai, ko kallon zargi ba ta yi mini ba. Abu ɗaya kawai nake so in sani.

"Luba, da za ta ba ki, wa ta ce ki kai wa? Garba ta ce?"

Na ga tana so ta yi mini ƙarya, amma jinin Yaya Kulu ce, ba ta iya ba.

"Malam ta ce, Kawu."

Shi ne gwangwanin da kuke gani a kan teburina, wanda innarku ta sha hana ku taɓawa. In na mutu kada ku zubar, kada kuma ku sa shi cikin kayan gado. Ba nawa ba ne. Ku mayar wa Luba, ku gaya mata na rasa yadda zan yi.